Yadda Malam Jumare Ya Zuba Boko a Gafaka

A zamanin da aka taso da yaƙi da jahilci, tun Turawa ba su tafi ba, an yi wani malamin ajin manya a cikin Birnin Zariya, can wajen Ƙofar Galadima, ana ce masa Malam Jumare. Dogo ne siriri, mai ɗan tsinin gemu, kuma Allah ya hore masa baki. In ka ce ka je Kaduna a jirgin ƙasa, shi ne ya taɓa nuna wa direban hanya. In ka ce ka ga kura, shi har ya ja mata kunne. Aji huɗu ya yi a elementare ya tsaya, amma in ya soma ba da labarin karatunsa sai ka ji tausayin waɗanda suka je Ingila.

Abu ɗaya ne ya fi bakinsa daraja a wurinsa, shi ne keke. Ofis ne ya ba shi aro saboda aikin aji, baƙi wul, da ƙararrawa da fitila da wurin ɗaura kaya a baya. Kullum da safe sai ya goge shi kafin ya wanke fuskarsa. Matarsa Mairo takan ce in gobara ta tashi a gidan ta san wanda za a fara fitarwa, kuma ba ita ba ce.

Ɗalibansa goma sha biyu ne, duk magidanta, suna haɗuwa bayan la'asar a zauren mai unguwa. Shekara guda ana fama, sun dai iya haɗa baƙi, suna karatu a hankali kamar mai tafiya a cikin taɓo. Amma da an tashi aji, shi ke nan, an rabu da takarda sai gobe. Ofis ya aiko musu da akwati mai littattafai goma sha biyu, kowa ya ɗauka ya je gida ya karanta. Wata uku akwatin na kusurwar zaure ba wanda ya ɗaga murfinsa, har kazar mai unguwa ta mai da shi wurin ƙwai.

Ana nan sai ga takarda: Malam Shehu mai duba azuzuwa zai zo nan da mako uku. Duk ajin da aka tarar ɗalibai ba sa karatu don kansu, za a rufe shi, malami ya mayar da keke.

Malam Jumare ya karanta, ya dubi keken, ya sake karantawa. Da la'asar ya tsaya gaban ɗalibai ya ce, "Ku dube ni da kyau. Ni da kuke gani, ba na iya cin tuwo sai da littafi a hannun hagu. Ku me ya hana ku?"

Zailani mahauci ya ce, "Malam, ai mun iya. Ni da na iya fiɗa, ka taɓa ganin ina bin awakin mutane ina feɗe su don kada in manta?"

Jalo, wanda ke dakon hatsi daga ƙauye da jakuna, ya ce, "Ni jaki shida ke hannuna, Malam. In na zauna karatu, littafin ne zai kai dawar kasuwa?"

Haruna baduku ya ja tsaki, ya ce, "Wai wannan ma littafi ne? An ɗinke masa baya kamar takalmi. Littafin da ya amsa sunansa falle-falle yake, a cikin gafaka, kamar na malamanmu. Shi mutum zai rataya a ga mutuncinsa."

Haruna neman hanyar zillewa kawai yake yi. Amma Malam Jumare ya daka tsalle ya ce, "Abin da na daɗe ina faɗa ke nan! Ka riga ni ne da baki. Haruna, ɗinka mini gafaka goma sha biyu, irin jakar fatar nan ta malamai, ja, mai igiya."

Haruna ya ce, "To kawo littafi ɗaya in auna."

"Auna me? Idona ma'auni ne. Taƙi ɗaya, ba ƙari ba ragi."

Abin da Malam Jumare ya manta shi ne, yatsunsa zara-zara ne, na Haruna kuwa gajeru ne kamar gaɓar rake.

Ya kinkimo akwatin ya kai gida, ya sa reza ya bi littattafan nan ɗaya bayan ɗaya yana farke ɗinkin. Mairo, wadda 'yar gidan malamai ce, ta tsaya a kansa riƙe da ludayi, ta ce, "Malam, kayan ofis ne fa."

"Ofis zai gode mini. Har Kaduna sai an kira ni in koya musu."

"Littattafan Baba, kowane falle akwai kalmar farkon na gaba a ƙasansa, ko sun watse a haɗa. Naka fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke, wannan ilmin zamani ne. Lamba gare su a sama. Ga ta nan: ɗaya, biyu, uku."

Bayan kwana huɗu gafakoki suka iso, jajaye, suna ƙamshin jima. Aka zura falle, sai kansa ya leƙo waje da kamar yatsa biyu. Wani mutum da sai ya mayar wa baduku. Malam Jumare kuwa ya aika aka aro masa wuƙar Zailani, ya jera fallayen a kan turmi, ya datse musu kai tas.

Mairo ta tsinci wani guntu a ƙasa ta duba, ta ce, "Malam, ga lambobinka nan a shara."

Ya ce, "Suna cikin kaina. Kowane littafi a nan sau bakwai na karanta shi."

Mairo ta dube shi ta koma madafi. Ita dai a iya zamansu, in ta ga littafi a hannunsa to zafi ake yi, fifita yake.

Ya ɗaure tulin fallayen a bayan keke da igiyar rama, ya rataya gafakoki a wuya, ya nufi zauren mai unguwa. Da ya zo daidai marina ya ga jama'a, sai abin nasa ya motsa. Ya kaɗa ƙararrawa, ya saki kan keke, ya ɗaga hannu biyu yana gaishe su. Wata tunkiya da ba ta san darajar ilmi ba ta ratso hanya. Malam ya yi gabas, keke ya yi yamma, igiya ta tsinke, takardu suka tashi sama kamar an kori tantabaru.

Masu rini suka sheƙe da dariya, suna cewa, "Sannu Malam! Sannu! Wannan sauka a wane aji ake koyar da ita?"

Ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce, "Gwada birki nake yi."

Aka taya shi tsince takardu, waɗansu daga kwata, waɗansu daga bakin ramin rini har sun soma shan baba. Ƙararrawar keke ta sassauta tana rawa, ya ninka wata takarda da ke hannunsa ya cusa a gindinta ta tsaya daram. Sa'an nan ya tsuguna a gefen hanya, ya raba tulin nan kashi goma sha biyu daidai wa daida, ya cusa kowane kashi a gafaka. A ransa ya ce ai duk karatu karatu ne.

Abin mamaki, da farko dabarar ta yi kamar za ta ci. Ɗalibai suka rataya gafakoki suka shiga gari, sai ga mutane na rusunawa suna cewa, "Allah gafarta Malam." Zailani da aka saba kira don a sayi tumbi, yau ana tambayarsa me littafi ya ce. Mutum kuwa ba ya rataya gafaka a tambaye shi ya ce bai buɗe ba. Kunya ta sa kowa ya zauna ya soma tono baƙi.

Jalo ne ya fara gamuwa da albarkar karatu. Babban jakinsa ya kwanta ya ƙi cin kara. Ya buɗe gafaka, sai ga falle ya dace da shi: "Idan jakinka ya kwanta ya ƙi cin abinci, abin da za ka fara yi shi ne," falle ya ƙare. Ya jawo na ƙarƙashinsa: "a ɗumama ruwa a yi masa wanka da sabulu, a shafa masa mai, a lulluɓe shi da zane mai laushi, a rungume shi a ƙirji ana bubbuga bayansa har ya yi gyatsa."

Jalo mutum ne mai biyayya. Ya yi wanka, ya shafa mai, ya lulluɓa zanen matarsa. Wajen runguma ne aka sami saɓani. Jaki ya miƙe ya ba shi ƙafa biyu a ciki, ya ratsa kasuwar hatsi a guje da zane a bayansa, yana sheƙi kamar ango.

A ranar kuma, matar Zailani tana kwana uku da haihuwa, jariri ya ƙi yin shiru. Zailani ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki da gafaka, ya ce wa tsohuwar ungozoma ta matsa, zamani ya zo. Ya gyara murya ya karanta: "Idan jariri ya yi ta kuka ba dalili," ya juya, ya jawo na gaba, "a ɗaga ƙafarsa ta baya a duba kofato. In ba ƙaya, a ba shi dusa da kanwa, a rage masa kaya kwana biyu."

Tsohuwa ta tsoma ganyen wankan jego a tafasasshen ruwa ta bi shi da shi har waje.

Washegari da hantsi suka yi karo a ƙofar gidan Malam Jumare, Jalo dafe da ciki, Zailani da wuya a saɓule.

Zailani ya ce, "Malam, fito ka nuna mini kofaton ɗana!"

Jalo ya ce, "Ni ma ka faɗa mini wanda ya taɓa jin gyatsar jaki!"

Malam Jumare ya fito yana gyara hula, ya ce, "Ku yi a hankali. Likitocin zamani sun gano cewa jaki da jariri, ta wajen ciki, kusan abu ɗaya ne."

Daga cikin gida aka ji Mairo ta fashe da dariya har da faɗuwar ƙwarya.

Zailani ya ce wa Jalo, "Tsaya, kai wanka da sabulu ka samu? Mu ga." Suka tsuguna a ƙofar gida suka baje fallaye a ƙasa. Wannan ya karanta nasa, wancan ya karanta nasa, sai ga wankan ya koma wa jariri, dusa ta koma wa jaki. Suna cikin musaya sai ga Haruna baduku ya taho fuska a murtuke.

Ya ce, "Malam, wane irin mugun littafi ka ba ni? Labarin wani falke ne, Tanko, bawan Allah, ya bar uwarsa a gida ya tafi fatauci, ɓarayi suka jefa shi rijiya. Ina jiran a fid da shi, sai na gaba ya ce a rufe shi da ƙasa, bayan kwana biyar zai tsiro, a zuba masa taki!"

Jalo ya ce, "Wannan auduga ce. Tanko kuwa akwai shi a wurina, na gan shi yana cin goro a wani zango."

"Kafin rijiya ko bayan rijiya?"

"Oho. Sai mun duba."

Daga ranar rumfar Haruna ta zama wurin taro. Mutum goma sha biyu, kowa da gafakarsa, suna zazzage fallaye a kan tabarma suna neman Tanko. Ba yadda za a gane falle na Tanko ne sai an karanta shi, don haka suka karanta noman auduga, suka karanta haƙa masai, suka karanta kiwon kaji, suna tsaki suna ware kowanne gefe. Zailani ya bar yaransa da nama. Jalo ya ɗaure jakuna a gindin durumi. Har faɗa aka yi a kan wani falle da ya sha baba ya yi shuɗi.

Malam Jumare da ya ga haka sai ya buɗe sabon babi. Ya bi gari yana cewa, "Da gangan na gauraya su. Ita ma faɗuwar da kuka gani a marina, cikin shirin take." Bai taɓa zama a rumfar ba ko sau ɗaya. Yakan dai wuce a keke ya kaɗa ƙararrawa ya ce, "Yaya, Tanko na rijiya?" Kafin a amsa ya yi nisa.

Ranar dubawa ta zo. Aka yi shimfiɗa a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, unguwa ta fito kallo, har da masu rini da hannuwansu shuɗaye. Malam Jumare ya sha babbar riga, ya jingine keke inda kowa zai gan shi. Malam Shehu ya iso da masinjansa, ɗan gajeren dattijo ne mai tabarau, ba ya son yawan magana. Ya gaisa da mai unguwa, ya ce a kawo akwati. Ya buɗe, sai bangayen littattafai goma sha biyu, wayam.

Ya ce, "Malam Jumare, ina cikinsu?"

"Ranka ya daɗe, cikinsu na cikin mutane! Wata hikima ce na ƙirƙiro, ban ma so in faɗe ta a bainar jama'a kada a sace."

Malam Shehu ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "To, a karanta in ji."

Nan fa aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Magidanta na ture juna kowa na son a fara da shi. Jalo ya karanta shafi guda bai yi tuntuɓe ba. Zailani ya karanta har yana canza murya in ɓarawo ne ke magana. Malam Shehu ya soma gyaɗa kai, fuskarsa ta saki. Malam Jumare ya saci kallon keke, ya ji kamar ya rungume shi. Da a nan aka tashi, da ya tsira.

Sai Jalo ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, muna da kuka. Labarin Tanko mun haɗa shi duka, fallen ƙarshe ne kawai ya ɓata. Mun yi nema har cikin kwata. Tunda Malam ya sha faɗa mana sau bakwai ya karanta, a sa shi ya faɗa mana ƙarshen, mu huta."

Jama'a suka ce, "Ƙwarai! Malam, faɗa mana!"

Mutum mai hankali da sai ya ce ya manta. Malam Jumare ya tako tsakiyar fili, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Ku shirya hawayenku. Tanko dai, Allah ya jiƙansa, a rijiyar nan ya cika. Kwana arba'in yana kira ba mai ji. Ranar ƙarshe ya dubi sama ya yi wasiyya ga wani kwaɗo..."

Wurin ya yi tsit. Malam ya ɗauka daɗin labari ne, ya ƙara murya.

Zailani ya ce, "Malam, wace rijiya?"

"Rijiyar da ɓarayi suka jefa shi mana."

"Ai tun ranar Talatar makon jiya muka fid da shi!"

Haruna ya ce, "Ya je Bida ya koyi sana'a, ya shekara tara, ya dawo. Yanzu haka yana tsaye a ƙofar gidansu ya yi sallama. Abin da muke nema mu sani, uwar tana da rai ko ta rasu?"

Malam Jumare ya ce, "E, to, wannan rijiya ta biyu nake nufi. Tana cikin zauren gidan."

Dariyar da aka yi, sai da kazar mai unguwa ta tashi sama. Wani marini ya faɗi yana dukan ƙasa yana cewa, "Gwada birki yake yi!"

Malam Shehu bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam Jumare, cikin goma sha biyun nan, wanne ka karanta? Faɗi ɗaya."

Malam ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi keke. Ya ce, "Ranka ya daɗe, bangayen dai duk na san su."

Malam Shehu ya miƙe ya yanke magana. Aji ba za a rufe ba, don bai taɓa ganin inda ake karatu kamar nan ba. Za a aiko da sabon akwati, mabuɗi a hannun Haruna. Keke kuwa zai koma ofis yau, ba zai dawo ba sai Malam Jumare ya jera littattafan nan goma sha biyu da hannunsa, ya sa musu lamba, ya ɗinke, ya zo ya ba da labarin kowanne da bakinsa.

Masinja ya kama keke zai tura. Malam Jumare ya ji kamar ana zare masa haƙarƙari. Sai Haruna, mai idon ɗinki, ya ce, "Dakata! Mene ne wancan a gindin ƙararrawa?"

Ya zaro takarda a ninke, ta yi baƙi da mai. Ya warware, ya duba, ya ce, "Jama'a, Tanko ne!"

Aka yi caa a kansa, aka bar Malam Jumare tsaye shi kaɗai. Aka ba Jalo ya karanta. Uwar Tanko na nan da rai, ta makance, amma da ta ji sallamar ta ce ba ta bukatar ido, wannan muryar ita ta haife ta. Zailani, mutumin da ke yanka sa bai ƙifta ba, ya rufe fuska da hula yana kuka wiwi. Tsofaffi na ta cewa, "Allah sarki! Allah sarki!"

Malam Jumare ya matso bayan taro yana ɗage, ya ja rigar Jalo, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Wai ni, yaya aka yi ya fito daga rijiyar?"

Jalo ya cire gafakarsa ya rataya masa a wuya, ya ce, "Yana ciki, Malam. Da akwai lamba da na faɗa maka shafin. Sai ka fara daga farko." Sauran ma kowa ya zo ya rataya masa tasa.

A ƙasa ya koma gida, gafaka goma sha biyu na dukan ƙirjinsa, ba ƙararrawa ba gaisuwa. Mairo ta ji shigowarsa amma ba ta ji ƙarar keke ba. Ta jira, ta jira, tuwo har ya soma hucewa. Da ta leƙo zaure sai ta gan shi zaune dirshan a tabarma, fallaye baje a gabansa, yana bin layi da yatsa, leɓe na motsi.

Ta ce, "Malam, ina keken?"

Bai ko ɗago ba. Ya ɗaga mata hannu ya ce, "Ke, yi mini shiru. Sun jefa Tanko a rijiya."